Baba Ugo Mai Garin Tamba

Duk wanda ya saba ratsa Sabon Gari ta layin Enugu Road da hantsi zai iya tuna wani dattijo dogo, siriri, mai furfura fat, da yake zama a bakin wani tsohon gida mai jar ƙofa. Sunansa Ugochukwu, amma a Kano ba mai wahalar da harshensa da wannan. Baba Ugo ake ce masa, kuma akwai shekarun da in ka tambayi gidan Baba Ugo sai an ce maka, "Wanne? Mai garin tamba?"

A nan Sabon Gari aka haife shi, mahaifinsa kafinta ne. Rikicin da ya kai ga yaƙin basasa ya kore su zuwa gabas yana ɗan saurayi, da ƙura ta lafa kuwa shi kaɗai ne ya dawo a duk gidansu. Ya ce can ko'ina ya juya baƙo ne. Ya samu aiki a tashar jirgin ƙasa, aikin duba ƙafafun taragu. In jirgi ya tsaya sai ya bi shi da doguwar guduma yana ƙwanƙwasa kowace ƙafa yana saurare, don ƙarfen da ya tsage ƙararsa daban take. Ya auri Monica, 'yar garinsu, gajeriyar mace mai yawan dariya, tela ce da take sayo yadi a Kantin Kwari ta ɗinka wa matan coci. Sun haifi 'ya'ya, mace ɗaya ce ta rayu, Ujunwa. Saboda ita ne Monica take kiransa Papa Uju, shi kuma yake kiranta Mama Uju, har sunayensu na yanka suka kusa ɓacewa a gidan.

Ritaya ba ta karɓe shi ba. Tun kafin a sallame su jiragen sun yi ta raguwa, da ya ajiye gudumarsa kuma sai ya rasa inda zai sa kansa. Da safe ya yi wanka, ya goge takalmi, ya tafi tasha ya zauna a kan benci tare da tsofaffin abokan aiki, su maimaita labaran da kowa ya riga ya haddace. In ya dawo ya tarar da keken ɗinkin Monica yana ta ƙara, ya san daga nan abincin gidan yake fitowa. Ba ta taɓa goranta masa ba, amma shi abin yana cin ransa.

Ana haka Monica ta fara rama. Ƙishirwa ba dare ba rana, ga kasala, ga zare ya fara gagarar ta shiga allura. Da suka je asibiti aka ce ciwon suga ne. Aka ba ta magani, aka ce ta yi nesa da teba da sakwara da farar shinkafa, ta riƙe ganye da wake.

Ga Monica kuwa, abin da ba a mulmula shi aka dangwala a miya aka haɗiye ba, ba abinci ba ne. Ta yi biyayya na ɗan lokaci. Wata rana da azahar Baba Ugo ya shigo ya same ta zaune gaban kwanon dafaffen wake, ga tukunyar miyar shuwaka da ta dafa masa tana ta ƙamshi, hawaye na zubo mata.

"Mama Uju, lafiya? Jikin ne?"

"Ba jiki ba ne," ta ce. "Yunwa nake ji. Na ci na ci, amma yunwa nake ji."

Washegari bai je tasha ba. Kasuwar Sabon Gari ya nufa, rumfar Malam Dabo mai sayar da hatsi, wanda suka saba tun zamanin da ake sauke masa buhuna daga jirgi. Malam Dabo ya saurare shi, sannan ya buɗe wani ƙaramin buhu ya damƙo wasu 'yan ƙananan ƙwayoyi ja-ja-ja ya zuba masa a tafin hannu.

"Wannan tamba ce, daga wajen Jos ake kawo mini. Masu ciwon nan suna nemanta, ita da acca. Ni dai ba likita ba ne, Malam Ugo, amma ka gwada."

Ya saya, ya kai wani injin bakin titi aka niƙa, ya kawo gida da murnarsa. Monica ta tuƙa tuwo, ta kai loma ɗaya baki ta tofar. Yashi ne zalla, ga yajin barkonon da aka niƙa kafin nasa. Ta kalle shi, ya kalle ta, suka fashe da dariya, ita har da riƙe ciki.

Malam Dabo ne ya tura shi Fagge wajen Alhaja Morufat, wata Bayarabiya mai injin niƙa a wani lungu bayan masu ɗinkin huluna. Mace ce mai faɗa amma ba ta da ƙyashi. Ta dubi tambar, ta dubi dattijon da ya zo da takalminsa a goge, ta ce, "Baba, haka ka kai aka niƙa ba regaya? Allah ya so haƙoran matarka." Ta zaunar da shi a kan turmi ta ɗauko ƙwarya biyu, ta nuna masa yadda ake juya hatsi cikin ruwa a hankali ana tsiyayewa, har yashin ya kwanta a ƙasa shi kaɗai. Ta ce in zai kawo niƙa ya zo da sassafe, injin yana wanke, kafin masu masara da masu tattasai su iso.

Daga nan Baba Ugo ya samu abin yi. Ya sayi 'yar na'urar nan ta gwajin suga, in Monica ta ci tuwon wani gari, bayan ɗan lokaci ya tsira mata yatsa ya duba. Ya gwada alkama da kowa yake yabo, ya ga a jikinta ba ta da wani bambanci sosai da abin da aka hana ta. Acca tana da daɗi da sauƙin tuƙi, amma in ta ci da yawa suga yakan ɗaga. Tamba ta fi zama da ita lafiya, sai dai tuwonta yana da gautsi, ba ya mulmuluwa yadda take so. Sai ya tuna tsofaffin garinsu suna shanya ɗanyar agada, babbar ayabar nan da ake soyawa, su daka ta su yi tuwo da ita.

Aikin agada ya fi kowanne wuya. Dole ta zama kore shar, in ta fara nuna ko kaɗan zaƙi ya shiga, ta tashi daga aiki. Ruwan ɓawonta yana ɓata hannu da tufa, sai ya shafa mai kafin ya fara ɓarewa, duk da haka faratansa suka koma baƙaƙe. Ya yanka ta siri-siri, ya shimfiɗa a faranti a saman rufin bayi, ya rufe da gidan sauro saboda ƙuda. Ba ya saukewa sai ya karya guda ya ji ta ce ƙas. Da damina ya yi asara ba sau ɗaya ba, hadari ya hana rana fitowa, agadar ta yi fumfuna ya zubar. Daga baya ya ƙara da waken suya, wanda yake ɗan soyawa sama-sama a kasko ya sussuke ɓawon don ƙarnin ya fita. Tamba ce mai rinjaye, agada ta bi ta don ta ba shi danƙo, wake ɗan kaɗan. In an niƙo ya tankaɗe da rariya mai laushi.

Ranar da haɗin ya yi daidai shi da kansa ya tuƙa, don hannun Monica ya fara rauni. Ta wanke hannu, ta gutsuro, ta mulmula, ta dangwala a miyar agushi. Ta haɗiye.

"Yaya?" ya tambaya.

"Baƙi ne kamar gindin tukunya," ta ce, "amma yana wucewa. Ƙaro mini."

Ranar tare suka ci a kwano ɗaya, ya bar tebarsa ya bi ta kan nata. Da ya gwada ta daga baya na'urar ba ta nuna abin tsoro ba. Duk wanda ya san su a lokacin yana cewa waɗannan su ne shekarunsu mafi daɗi. Ta mayar da jiki, dariyarta ta dawo, shi kuma tafiyarsa ma ta canja.

Monica ce ta fara ba da labari a coci. Wata ta roƙi a sam mata don mijinta, wata don uwarta. Alhaja Morufat ma in masu kawo niƙa suka tambayi wannan wane irin gari ne, sai ta kwatanta musu gidan. Kafin a ce me, har alhazan Kwari suna turo adaidaita sahu ƙofar gidan. Baba Ugo ba ya yaudarar kowa. Duk wanda ya zo sai ya ce masa, "Wannan abinci ne, ba magani ba ne. Kar ka bar ƙwayar da likita ya ba ka, kar kuma ka ce tunda na tamba ne za ka cika kwano." Wannan ya sa aka ƙara yarda da shi. Mutumin da ya shekara da shekaru a kan benci ba mai nemansa, yanzu tun safe ana sallama a ƙofarsa, wasu har Dakta suke ce masa. Yakan ce a daina, amma a ransa yana jin daɗi.

Farantai suka cika rufin bayi, suka sauko tsakar gida. Da idon Monica ya ƙara rauni ta daina ɗinki, sai ɗakin ɗinkin ya koma ma'ajiya, aka tura keken kusurwa aka jibga buhuna a gabansa. Tuwonta bai taɓa yankewa ba, kullum yana tuƙa mata a kan lokaci. Sai dai ya ajiye mata a gaba ya fita, don ko dai akwai mai jira a waje, ko agada na buƙatar juyi. Shi a tsaye yake cin nasa. In ta fara masa hira yakan amsa da "uhm" idonsa na kan sama yana duban hadari.

Ujunwa, wadda ta yi aure take koyarwa a Enugu, ta zo hutu wata shekara ta ga abin da bai yi mata daɗi ba. Uwar tana lalube kafin ta gane ƙofa, ga wani ɗan miki a ƙafa da ya ƙi warkewa, ga ta tana wuni ita kaɗai a ɗaki. Ta zaunar da su ta ce su tattara su koma wajenta. Ga ɗaki, ga asibiti kusa, ga jikoki.

Monica ta amince nan take. Baba Ugo ya yi ta sosa ƙeya.

"Uju, mutane sun dogara da ni. Akwai wanda in bai samu garin nan ba bai san me zai ci ba. Ga agada a kan rufi, ga tamba na sa Malam Dabo ya kawo. Ki tafi da mamanki tukuna, in na sallami wannan kaya zan biyo ku."

Monica ta juyo inda take jin muryarsa. "Papa Uju, garin nan fa ni ka fara yi wa."

"To ai shi ya sa," ya ce. "In na tsaya a nan ba zai yanke miki ba. Can ina za a samu tamba mai kyau?"

Ta juya ta ce wa Ujunwa ta fara haɗa mata kaya.

Ranar tafiya ya raka su New Road inda manyan motocin gabas suke lodi. Ya zo da buhun gari na musamman, wanda ya tankaɗe sau biyu. Yayin da Ujunwa take taimakon uwar hawa mota, shi yana can gindin motar yana rigima da masu lodi, don sun ajiye buhun kusa da jarkar manja. Sai da ya sa aka sauke kaya aka sake shiri. Da ya ɗago direba ya riga ya tayar. Ya zagayo ta taga ya buga gilashi, Monica ta ɗaga hannu tana duban wani wajen, don ba ta gano inda yake tsaye ba. Abin da ya iya faɗa shi ne a riƙa rufe bakin buhun sosai saboda danshi.

Bai taɓa fashin aika gari ba. Duk wata sai ya kai tasha ya ba direba. Suna waya kuma kusan kullum, sai dai hirar iri ɗaya ce. Shi ya tambayi me na'ura ta nuna yau, ita ta tambayi yaushe zai zo. Ya ce bayan damina. Damina ta wuce ya ce ai yanzu ne rana take da kyau, lokacin shanya ne. Ya yi alkawarin Kirsimeti, har Ujunwa ta gyara ɗaki, sai masu tafiya gida hutu suka yi masa caa, kowa yana son ya tafi wa tsohonsa da gari. Ya duba ya ga ba zai iya ba, ya ɗaga zuwa bikin Ista. Ranar Kirsimetin da ya kira, Monica ta gaishe shi ta miƙa wa jika wayar.

Alhaja Morufat ba ta ɓoye masa ba. Ta kashe injin wata safiya ta ce, "Baba Ugo, me kake yi a garin nan? Duk abin da kake yi na iya, ni na koya maka rabinsa. Kawo farantanka, ni da 'yata Bisola mu riƙe maka mutanenka. Ka tafi wajen matarka."

"Zan tafi, Alhaja. Ista ta kusa."

Wannan karon da gaske yake. Ya fara rage karɓar aiki, ya sayi sabuwar jaka, ya sayo wa Monica atamfa a Kwari. Sai annobar korona ta shigo, aka rufe hanyoyi tsakanin jihohi, aka kulle Kano. Yana cikin wannan zaman ne Ujunwa ta kira shi wata safiya tana kuka. Mama ta faɗi a banɗaki, ɓarin jikinta ya shanye.

Ya je New Road ya tarar da motoci a jere ba kowa. Ya nemi masu manyan motocin kaya su ɓoye shi a baya, suka dubi shekarunsa suka ƙi. Sai da aka buɗe hanya ya samu tafiya, a motar farko da ta tashi.

Ya same ta a kwance, ta koma 'yar mitsitsiya, baki ya karkace, magana ta ɗauke. Ya durƙusa ya ce, "Mama Uju, ni ne. Na zo." Ta juyo da kai, ta motsa hannun da yake aiki, ya kama. Bakinta ya yi ta motsi amma ba abin da ya fito.

Da ya huta ya ce a nuna masa inda gari yake zai tuƙa mata tuwo. Ujunwa ta ce ai yanzu ba ta iya haɗiyar tuwo, sai abu mai ruwa-ruwa. Duk da haka ta kai shi ɗakin ajiya. Buhunan da ya yi ta aikowa suna nan jere, wasu ko ɗinkin bakinsu ba a kwance ba, na ƙasa har ƙwari sun shiga.

"Ba ta ci ne?" ya tambaya.

"Tana ci in na matsa mata, loma biyu uku," in ji Ujunwa. "Na yi yadda ka kwatanta, Papa, ban canja komai ba. Kullum sai ta ce a ajiye, in ka zo kai za ka tuƙa."

Baba Ugo ya zauna a kan wani buhu ya daɗe bai tashi ba.

Ya yi jinyarta har ƙarshen damina. Yana dama mata kunun acca mai ruwa ya ba ta da cokali, ya goge mata baki, ya juya ta, ya shafa mata mai a ƙafa. Ba inda yake zuwa. Yana zama a gefenta ya yi ta ba ta labarin Sabon Gari da Hausa, wa ya rasu, wa ya aurar da 'ya, wane gida aka rushe aka yi shaguna. Wani lokaci takan matse masa hannu, wani lokaci ba ya sanin ko tana ji. Ta rasu wata ranar Lahadi da rana tsaka yana zaune kusa da ita, aka kai ta ƙauyensu aka binne.

Bayan an gama zaman makoki ya dawo Kano, ya ce zai tattara kayansa. Ya ɗauki adaidaita sahu ya kwashe farantai da rariya da gidan sauron ya kai wa Alhaja Morufat a Fagge. Bisola ce ta riƙe sana'ar, tana ƙulla garin a leda mai tambari, kuma masu saye ba su ce ya canja ba. Ba wanda ya rasa abin da zai ci. Masu zuwa ƙofarsa sun ci gaba da zuwa na ɗan lokaci, yana kwatanta musu lungun Alhaja, har suka daina.

Tattara kayan ya ɗauke shi shekaru, don ba wani abin da yake tattarawa. A lokacin ne aka fi ganinsa zaune a bakin jar ƙofar nan. Wani lokaci yakan taka zuwa kasuwa ya zauna a rumfar Malam Dabo. Wata rana Malam Dabo ya ga shirun ya yi yawa, ya ce masa, "Malam Ugo, ka yi haƙuri. Kwananta ne ya ƙare. Ko kana can ba za ka ƙara mata ko ɗaya ba."

"Na sani, Malam," ya ce. "Wannan ban ja ba. Kulle kuma ba ni na yi shi ba. Amma Kirsimetin da na yi mata alkawari, ba wanda ya tare mini hanya."

Malam Dabo ya kira mai shayi ya ce a haɗa musu kofi biyu, na Malam Ugo kar a cika suga.

Bara ƙafafunsa suka fara kumbura, Ujunwa ta zo da mijinta, wannan karon bai yi musu ba. Ya bi gida-gida ya yi sallama da mutanen layin, ya je Fagge, ya je kasuwa, har tasha ya leƙa ko da zai ga wani da ya sani, bai samu kowa ba. Yana Enugu yanzu wajen jikokinsa. Masu zuwa can sun ce yana nan da ransa, sai dai ba ya yawan magana, in ya ji wanda ya iya Hausa kuwa ba ya barinsa ya tafi da wuri. Gidan kuma an ba wani mai gyaran waya haya.